Layi ɗaya na ratsa duk hoton da na yi sikanin, na goge gilashi har na gaji

Abban Sadiya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan sikana, irin mai murfi ɗin nan da ake kifa takarda a kan gilashi. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, gara in faɗi komai har da ɓarnar da na yi da hannuna, don kada a ba ni maganin ciwon da ba shi nake fama da shi ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar akwatin ƙarfe guda cike da hotuna da wasiƙu da takardun aikinsa. Mu bakwai ne, kowa yana so a ce a hannunsa suke, sai na ɗauki nauyin in yi sikanin ɗinsu duka in rarraba wa kowa, asalin kuma su zauna wuri ɗaya. Na ƙirga hotuna 412, ban da wasiƙu. Sikanar tawa ta kai shekara tara. Takardun ofis kawai na taɓa yi da ita, a dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 200 ko 300, ban taɓa ganin aibinta ba. Shekara uku ke nan tana saman wata kanta ba rufi, har da littattafai jibge a kan murfinta.

Da na sauko da ita na sa dpi 1200 don in samu hoto mai kyau, sai abubuwa uku suka bayyana. Na farko, wani siririn layi mai haske, yana ɗan ja zuwa kore, daga saman hoto har ƙasa, kamar faɗin yatsu uku daga gefen hagu na gilashin. A hoton da na fi so, wanda Baba ke zaune da farar riga yana saurayi, layin ta kan idonsa na dama ya bi. Na biyu, fararen ɗige-ɗige barkatai, musamman inda hoton yake da duhu. Na uku, baƙi ba ya fita baƙi. Komai ya dusashe kamar an ɗauki hoton cikin hazo, alhali na hannuna ba haka yake ba. Sannan idan ta fara tafiya tana yin wani ƙara, ƙarrr, na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ta saki jiki.

Ga abin da na aikata. Na fara da tishu, ɗige-ɗigen suka ƙaru. Na ɗauko ruwan goge taga na fesa kai tsaye a kan gilashin, ina kallo ya gangara ya shige ƙarƙashin robar gefe ta can sama. Washegari layin ya samu ƙane, wani dishi-dishi kusa da shi. Akwai kuma wani busasshen farin ruwan goge rubutu a kusurwa, na sa ruwan goge jan farce na maiɗakina, tabon ya fita amma robar wurin ta yi fari ta yi kaushi. Daga nan na ajiye hannuna.

Na riga na yi hotuna 60 kafin in lura da layin sosai. Tambayata: a buɗe ta ne a goge ciki, ko kwananta ya ƙare in haƙura?

Nazifi_Tech ya rubuta:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba. Abu mai sauƙi ne wannan. Samo sifirit da tsohuwar jarida ka dirje gilashin, zai yi ƙal. Ciki kuma sukurori ne ba su fi huɗu ba, ka kwance, ka fesa iskar gwangwani ta ko'ina ta kore ƙurar, ka goge madubai da tsumma, ka ɗan fesa man feshi na WD-40 a sandar ƙarfen da ke ciki don ƙaran. Minti goma ka gama.

Injiniya Mai Firinta ya rubuta:

Malam Abban Sadiya, Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya saka maka da wannan zumunci. Kafin komai, don Allah kada ka bi shawarar ƙanena Nazifi tukuna. Niyyarsa mai kyau ce, amma a cikin abubuwa biyar da ya lissafa, huɗu gyaran gangar Auzinawa ne. Zan dawo kansu.

Sikanarka ba ta mutu ba. Abin da ya sa ka gaji da goge gilashi shi ne ba a nan gizo ke saƙar ba. Cututtuka uku gare ka, kowacce da mazauninta, kuma guda ɗaya ce kawai take saman gilashi.

Ka fara fahimtar yadda take gani. Sikana ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya kamar kyamara. A ƙarƙashin gilashi akwai kai guda mai ɗauke da fitila da ido, bel yana jan sa a kan sandar ƙarfe daga sama zuwa ƙasa. Idon nan jeri ne na dubban ƙananan idanu a kan layi ɗaya, yana karanta faɗin takarda siriri-siriri, ya matsa, ya sake karantawa. To idan ƙura tana kan gilashi, kan zai zo ya wuce ta sau ɗaya, sai ta fito a matsayin ɗigo a wuri ɗaya. Amma idan abin ya shafi ɗaya daga cikin ƙananan idanun nan ne, to yana tare da kan duk inda ya je, shi ya sa yake fitowa layi daga farko har ƙarshe. Ɗigo na gilashi ne ko na jikin hoton. Layi mai bin hanyar tafiyar kai daga ciki yake. Ko ka kwana kana goge sama ba zai motsa ba.

Layin naka kuma mai haske ne, wannan ya ƙara nuna mini inda zan duba. A can sama, ƙarƙashin robar da kan yake fakewa idan ya huta, akwai wata farar tsiri manne a cikin gilashin. Ba a ganinta daga waje. Kafin sikana ta fara aiki takan kalli tsirin nan ta ce wannan shi ne fari, ta daidaita kowane ƙaramin ido da shi. Idan ɗan datti ya zauna a kan tsirin, idon da ke kallon wurin zai ga duhu-duhu, na'urar ta ɗauka idon ne ya yi rauni, sai ta ƙara masa ƙarfi. Daga nan duk abin da ya karanta zai fi na maƙwabtansa haske. Ga layinka nan. Koren da kake gani kuwa, irin sikanar da ake kira CCD jeri uku ne da ita, na ja da na kore da na shuɗi, in dattin ya fi taɓa ɗaya sai layin ya ɗauki launi. Ƙanen layin da ya fito bayan ka fesa ruwa, ina kyautata zaton ruwan nan ne da ka ga ya shige ta sama ya je ya bushe a kan tsirin. Wannan ne dalilin da masu ƙera su ke cewa a fesa a kan ƙyalle, ba a kan gilashi ba.

Hazon kuma a bayan gilashin yake, ta ciki. Robobi da man da ke cikin na'ura suna fitar da wani tururi a hankali, zafin fitila yana taimaka musu, shekara da shekaru sai ya kwanta a gilashi kamar yadda gilashin gaban mota ke yi ta ciki. Haske yana bugun sa ya warwatse, baƙi ya koma toka-toka.

Kada ka yarda da ni haka kawai, gwada. Ɗauki farar takarda mai tsabta ka yi sikanin, ka juya ta kai ya koma ƙasa ka sake. Abin da ya juya tare da takardar nata ne, abin da ya tsaya a wurinsa na sikana ne. Sai ka kashe wutar ɗaki da dare, ka bar murfi a buɗe, ba komai a kan gilashi, ka yi sikanin. Ya kamata ya fito baƙi ƙirin, duk ƙura da hazo za su tona kansu. Daga ƙarshe ka kwantar da tocila a gefen gilashin, haskenta ya bi shi a kwance, ka duba da idonka. Ka kuma gaya mini, sikanar mai kauri ce da wayar wutarta daban, ko siririya ce da kebul ɗin USB kaɗai ke ciyar da ita?

Nazifi, zo mu yi lissafi. Jarida da tishu suna zubar da zare, jarida kuma tana iya barin tawada. Sifirit mai launi yana barin sauran abu idan ya bushe, kuma kamfanoni ba su ma haɗu a kan sifirit ba: littafin da Epson ke haɗowa da sikanoninta ya hana shi tare da tina, ya ce busasshen ƙyalle mai laushi, in tabo ya ƙi sai ɗan ruwan goge gilashi. HP ta ambaci asiton da benzin cikin abubuwan da ba a kusantar da su, kuma asiton ɗin ne a cikin yawancin ruwan goge jan farce, shi ya cinye robar Malam. Iskar gwangwani in ka karkata shi ruwa mai sanyi take tofarwa, kuma ƙarfinta tura ƙura take cikin lungun da hannu ba ya kaiwa. WD-40 wanke maiƙon da ke wurin yake yi, kuma feshinsa zai sauka a kan madubi. Madubi kuwa, zan yi maganarsa idan mun kai can.

Abban Sadiya ya rubuta:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Na yi duka uku daren jiya. Layukan biyu ba su juya da takarda ba. Sikanin da na yi cikin duhu ya ba ni kunya, kamar sararin sama cike da taurari, ga wani gajimare fari-fari ya fi kauri a tsakiya. Da tocila na ga hazon da idona, na sa yatsa a sama bai taɓu ba, lallai ta ciki yake. Har shatin zagaye-zagayen da na yi da tishu na gani a sama. Mai kauri ce, tana da wayar wutarta, kuma idan na kunna ta takan ɗau kusan rabin minti tana jira kafin ta yarda ta fara.

Garanti ya ƙare tun tuni. Sukurudireba na hannuna, umarni nake jira.

Hajiya Mai Adana ta rubuta:

Malam, ajiye sukurudireban nan ka ɗan saurare ni. Aikina ke nan, tsofaffin takardu da hotuna nake mayarwa cikin kwamfuta, kuma na ga sikanar da aka buɗe da layi ɗaya aka rufe da biyar. Garin neman gira kada a rasa ido. Injiniya ya fi ni sanin cikin na'ura, ban musa ba, amma akwai abin da za ka gyara ba ka kwance komai ba.

Taurarin nan da ka gani, yawancinsu kai ne kake kawo su. Hoton da ya yi shekara arba'in a akwati yana ɗauke da ƙurarsa, duk wanda ka kifa sai ya bar wa na bayansa gado. Ni ba na ɗora hoto sai na hure shi da ɗan famfon roba irin wanda masu kyamara ke hure gilashin kyamara da shi, in bi shi da burushi mai laushi ƙwarai wanda ba a taɓa yin wani aiki da shi ba. Da baki ba a hurewa, yawu ne zai bi. Ruwa ko sifirit kuwa ko kusa da fuskar hoto kada su je, fatar da hoton ke kanta tana kumbura ta yi danƙo. A gefe ake riƙe shi. Wasiƙun Baba kuma ka cire musu fin da kilif kafin su hau gilashi, ka cire zobe da agogo, domin datti yana fita, ƙarzuwa kuwa ta zauna ke nan har abada. Wadda aka liƙa wa salatif ya tsufa yana danƙo, sa ta cikin farar leda mai tsabta ta ajiye takardu kafin ka kifa.

Saman gilashi ƙyalle biyu nake ajiye masa, irin na goge tabarau, a cikin jaka mai zif don kada su kwashi ƙura. Ɗaya in ɗan jiƙa shi, danshi kawai, ba mai ɗiga ba, ɗaya busasshe ya bi bayansa nan take. Ka hure gilashin kafin ka goge, saboda ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta zana maka shi. Ka ja hannu miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ban da zagaye. Ka bar murfi a buɗe har ya bushe sarai, hoto mai sheƙi yana mannewa a gilashi mai danshi. Irin tabon da ka sa wa ruwan jan farce, da ka ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle na ɗan lokaci ka kankare da gefen tsohon katin roba, da ya tashi. Kada ka manta da farin da ke cikin murfi, shi ma yana zubo ƙura duk sanda ka rufe. A tsakiyar aiki kuma, bayan kowane hoto biyar ko shida, famfo kawai, ba sai ka goge ba.

Sai maganar dpi 1200. Me kake nema a can? Inci ɗaya milimita 25.4 ne. A dpi 600 kowane ɗigo na hoto bai kai rabin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ya fi yawancin gashin kai siranta. Hoton da aka wanke a takarda ba shi da bayanin da ya wuce haka, in ka haura ƙura da saƙar takardar kawai kake ƙara wa girma. Hoto mai inci 4 da 6 a dpi 600 zai ba ka fayil ɗin TIFF kusan MB 26, a 1200 ya haura MB 100, kuma fuskar Baba ba za ta ƙara fitowa ba. Ka bar 1200 ga 'yan ƙananan hotuna irin na fasfo da kake son faɗaɗawa. Wasiƙu 300 ya ishe su. Idan akwai nagetif a akwatin, wannan wani babi ne, su suke son dpi mai yawa.

Manhajar sikana takan zo da maɓallin cire ƙura. Ka yi hattara da shi a hotunan takarda, hasashe yake yi, ya kan ɗauki ƙyallin ido ko maɓallin riga a matsayin datti ya shafe. Wanda ke aiki da gaske shi ne mai amfani da hasken infrared da ido ba ya gani, irin fasahar Digital ICE, shi ma a fim mai launi ya fi ƙarfi, ba ya jituwa da nagetif baƙi da fari na azurfa.

Layin ma kana iya kauce masa. Ka ce yatsu uku ne daga hagu, to kifa hotunan a dama. Inda na rasa hujja shi ne hazon. Wannan ba shi da makauta, kuma ƙara duhu a kwamfuta ba ya dawo da abin da ya ɓace a cikin inuwa. Idan ya kai yadda ka kwatanta, to a buɗe, amma sau ɗaya, kuma Injiniya ya riƙe maka hannu.

Injiniya Mai Firinta ya rubuta:

Hajiya ta gama magana a kan sama, ba ni da ƙari. Na kuma yarda da ita, masu ƙera su ma cewa suke kada a buɗe. Da tana da garanti da na ce ka mayar musu. Tunda babu, ga yadda nake yi a teburina.

Jiran rabin mintin nan yana nuna fitilarka irin tsohuwar ce, siririn bututu mai suna CCFL da sai ya yi ɗumi haskensa ke daidaita, sababbi masu LED ba sa jira. Abu biyu game da ita: akwai 'yar zaiba a cikinta kuma ba ta da ƙwari, sannan allon da ke kunna ta yana ɗaga wuta sosai. Don haka ka zare wayar wuta da ta USB, ka ba ta mintuna, kuma hannunka kada ya je wurin.

Zaɓi ɗakin da ba a shiga da fita, a kashe fanka, a rufe taga, ka goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma tun da wuri ƙura ta kwanta. Kada ka sa riga mai zubar da gashi. Murfin yawanci ɗaga shi sama kawai ake yi ya zare, in yana da waya ka cire ta a hankali. Sukurorin sukan ɓuya a ramukan da ƙafafun murfi ke shiga, ko ƙarƙashin 'yan robobi. Bayan su akwai haƙoran roba da ke riƙe da saman, da katin roba ake lallaɓa su, ba da ƙarfe ba. In wani gefe ya ƙi, akwai sukurun da ba ka gani ba, kada ka yi kokawa da shi. Kula da siririyar wayar maɓallan gaba. Ka riƙa ɗaukar hoto da wayarka a kowane mataki.

Saman zai taso tare da gilashinsa, a manne suke, kada ka raba su. Da ka ɗaga, rufe cikin na'urar da tsabtatacciyar leda, ka kai gilashin gefe ka kifa a kan tawul. Hazon yana fita da ruwan goge gilashi a jikin ƙyalle, amma da farko zai yi kamar ya ƙara lalacewa, maiƙo ne, sai ka bi shi sau biyu ko uku kana sauya wuri mai tsabta a ƙyallen. Ni nakan yi amfani da sifirit mai tsabta na kayan lantarki, wanda ake rubuta IPA a kwalbarsa, a kan gilashi zalla, ba na bari ya taɓa roba ko gam. Tocila ce alƙali, sai ta ce ya fita. Farar tsirin kuma ka duba ta da kyau, ka hure, ka shafa gilashin da ke kanta da tsinken auduga mai ɗan danshi. Kada ka kankare ta, kada ka ɓamɓare ta, kada ruwa ya shiga tsakaninta da gilashi.

Yanzu madubai. A cikin kan akwai 'yan madubai da ke karkatar da haske zuwa ido. Ba irin na ɗaki ba ne da azurfarsa ke bayan gilashi, waɗannan a fuska aka shafa musu ita, tsirara take. Tsumma ɗaya ya isa ya zane su, kuma ba a gyarawa. Famfon Hajiya kawai, daga ɗan nesa, sau biyu ko uku. Kada ka kwance ko sukuru ɗaya a jikin kan, an saita su ne a masana'anta, in suka goce hotonka ba zai sake fita tas ba.

Ƙaran kuma, fara duba makullin da wasu ke da shi a baya ko a ƙasa, wanda ake kulle kan da shi idan za a yi tafiya. In ya tsaya rabi da rabi yakan sa wannan ƙara. In ba shi ba ne, maiƙon sandar ne ya bushe ya haɗu da ƙura. Goge sandar da ƙyalle har baƙin ya daina fita, ka sa ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a yatsa ka shafa, siriri yadda ba za ka gan shi ba. Bel ba a sa masa mai. Kafin ka rufe, hure cikin gilashin karo na ƙarshe yana kallon ƙasa, ka ɗora, ka gwada sikanin kafin ka ɗaure sukurori.

Ga mai karantawa da siririyar sikana irin CIS: taku ba ta da madubai, idon yana gogar gilashi ne ta kan wasu 'yan robobi ƙanana a gefensa. In ɗaya ya faɗi ba ku lura ba, rabin hoto zai fita dishi-dishi.

Nazifi_Tech ya rubuta:

Na karɓi gyara Oga. Yanzu na gane abin da ya sami tawa bara, na goge madubin da gefen rigata.

Abban Sadiya ya rubuta:

Na dawo da rahoto. Na yi aikin bayan yara sun yi barci, ya ci mini kusan awa biyu, rabinsu a neman sukuru na biyar da ke ɓoye ƙarƙashin wata takardar liƙi. Haƙorin roba ɗaya ya karye duk da lallaɓawar da na yi, amma saman ya zauna daidai.

Ƙyallen farko da na bi cikin gilashin da shi ya fito ruwan toka, ban taɓa zaton abin da ke rufe zai yi wannan datti ba. Sai a bi na huɗu tocila ta sallame ni. A kan farar tsirin, daidai yatsu uku daga hagu, na tarar da gawar wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar yashi biyu ba. Shi ne ya bi ta kan idon Baba. Kusa da shi kuma ga busasshen shatin ruwan da na fesa, kamar yadda Injiniya ya faɗa tun bai gani ba. Madubai na hure su na kau da kai, duk da hannuna yana ƙaiƙayi don na hango ɗan hazo a jikin ɗaya. Makullin a buɗe yake, sandar ce ta yi baƙi, bayan na sa mai, ƙaran ya tafi.

Layuka biyun sun ɓace. Na sake hoton farar rigar a dpi 600 na jera shi da na farko, sai ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba ko a na hannuna: a cikin duhun bayansa akwai mutum tsaye a bakin ƙofa, rabin fuskarsa kawai ta fito. Na tura wa babbar yayarmu, ta ce kakarmu ce.

Wani zare guda ya maƙale ta ciki a kusurwar ƙasa ta dama, na gan shi bayan na ɗaure komai. Ba zan sake buɗewa saboda shi ba, Hajiya, na ji maganarki, hotuna ba sa kaiwa can. Na ɗinka wa sikanar riga da tsohon zanen gado, littattafan kuma sun koma kan kantar, ba kan murfinta ba. Hotuna 60 na farko sai na sake su.

Hajiya, a ƙasan akwatin na sami ambulan cike da nagetif, wasu sun manne da juna. Ban taɓa su ba. Murfin sikanar tawa ba shi da fitila, ta ina zan fara?